Hawayen Inna Ba na Takaba Ba Ne

Kowa a unguwarmu ya yarda cewa Inna ta kasa haƙurin rasuwar Baba. Matan da suka yi ta shigowa gaisuwa, daga nan cikin Gaya har dangin Baba na Ajingi, da maganar nan suke fita: wai mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai jikoki, ta zauna kullum ido jawur tana zubar da hawaye. Wasu suka ce so ne, wasu suka ce raunin imani ne. Babu wadda ta canka. Hawayen nan ba na baƙin ciki ba ne. Ni na jawo su da hannuna, kuma na yi shiru fiye da wata guda ina kallo ana yi wa uwata wa'azi a kan laifin da ba nata ba. Shi ya sa na rubuto muku. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ya san gidanmu zai gane, kuma na daina damuwa da hakan.

A lokacin shekarata ashirin da biyu, ni ce auta, na gama sakandare ina ɗan ɗinki a gida. Halina ba ɓoyayye ba ne: ba na iya jiran mutum ya ƙarasa magana. In aka fara yi mini bayani, kafin a kai rabi na ce na gane, ko da ban gane ba. Kuma da yake ni kaɗai ce mace a gidan da ta gama makaranta, duk abin da ya zo da rubutun Turanci ni ake miƙa wa, daga kwalbar maganin feshi har takardar asibiti. Na saba a ce a kira Auta ta duba. Sannu a hankali na ɗauka babu abin da ban sani ba.

Inna ta daɗe da minshari, irin wanda ake ji daga zaure. Mun mayar da shi abin dariya shekara da shekaru. Abin da ba mu lura da shi ba, ba ta taɓa tashi da safe ta ce ta yi barci mai daɗi ba. Kullum ciwon kai, kullum gyangyaɗi. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sai ka gan ta zaune gaban kasko, mai yana tafasa, kanta yana rinjaya. Rannan saura kaɗan ta faɗa ciki, Baba ne ya fizgo ta. Shi ne kuma ya gaya wa Yayana, wanda ke zaune a Kano, cewa in tana barci numfashinta yakan tsaya cak, sai ta yi wata irin shaƙuwa sannan ya dawo. Yaya ya kai ta babban asibiti a Kano, ta kwana da wayoyi a jikinta, likita ya ce maƙogwaronta ne ke rufewa in barci ya yi nauyi, kuma hakan yana ƙara mata hawan jini. Aka ce sai ta riƙa kwana da wata na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa wani takunkumi da ke rufe hanci. Yaya ya yi ƙoƙari ya samo, ya sa mana sola da batir saboda ita. A gida muka raɗa mata injin barci.

Ranar da za a koya yadda ake amfani da injin, da ni aka je don in yi tafinta. Sai na tarar ma'aikaciyar Bahaushiya ce, na ce to ni me ye nawa, na fita baranda ina danna waya. Baba ne ya tsaya. Shi manomi ne, gyaɗa da gero, da rani kuma yana gyaran keke a bakin hanya, kuma hannunsa irin na mai haƙuri ne. Ya sa matar nan ta maimaita masa komai sau uku. Tun daga ranar, shekara biyu cur, shi ke kula da injin. Da safe ya wanke takunkumin da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, ya rataye a ƙusa a ɗakinsa inda rana ba ta kaiwa. Bayan isha'i ya ɗaura mata, sannan ya bi gefen robar da ɗan yatsa, daga karan hanci har ƙasa, yana jin ko iska na fita. Yakan tsokane ta ya ce matuƙiyar jirgin sama ta shirya, a gaishe da mutanen Makka. Ita kuma ta kai masa duka da mafici. Na sha ganin yana bin robar nan da yatsa, ban taɓa tambayar me yake nema ba. Inna ta warware, gyangyaɗi ya tafi, har ta ƙara yawan gyaɗar da take soyawa.

Baba ya rasu a ƙarshen damina, zazzaɓin kwana huɗu. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Yaya ya tayar da maganar injin a gaban Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo daga Ajingi don ta zauna da Inna har ta gama takaba. Ya ce ko matarsa ta zo ta yi wata guda, tun da ta taɓa ganin yadda ake yi, domin shi bai yarda da gaggawata ba. Ya ce ni ko kaza aka ba ni kiwo sai na manta da ita. Raina ya ɓaci. Na ce masa a gaban kowa, ni da aka je asibitin da ni, ni da nake karanta littafin da ya zo da injin, wace ce za ta zo ta koya mini? Gwaggo ta yi dariya ta ce a bar 'yar boko da kayan boko. Yaya ya koma Kano. Littafin nan kuwa, wallahi ko bangonsa ban taɓa buɗewa ba.

Kwana huɗu ina ɗaura mata shi yadda na ga dama, ba wanki. A rana ta biyar na ga robar ta yi maiƙo, don fuskar mai aikin man gyaɗa ba ta rabuwa da maiƙo ko ta daina aikin. Ranar an yi sadakar bakwai, tukwane sun taru, akwai tafasasshen ruwa a kan murhu. Na jefa takunkumin a ciki da omo, na dirje shi da soson da nake dirje tukunya, na ɗora shi a kan kwanon rufin akurki don ya bushe da wuri. Na manta da shi har la'asar. Da na ɗauko, robar da take da laushi kamar kunnen jariri ta yi tauri, kuma ta tsage a sama, daidai inda take zama a kan karan hanci ta gefen hagu. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Na tsaya ina kallon ta, maganar Yaya ta kaza tana yi mini yawo a ka. Da na ɗauki waya a lokacin na ce Yaya na yi ɓarna, da ba ku karanta wannan wasiƙar ba. Sai na shiga ɗaki na ɗauko sufa gulu da nake liƙe takalmi da shi, na ɗiga, na matse. Ya kama. Ya bar wani ɗan tudu mai kaushi, na kankare shi da reza, na ce shi ke nan. Da na ɗaura mata na ƙara jan maɗaurin sosai don ya danne.

Washegari ta ce mini tana jin sanyi-sanyi a idonta na hagu. Na ce mata haka yake, rashin sabo da hannuna ne. Bayan kwana uku idon ya yi ja. Ta tashi da kwantsa ta liƙe fatar, ta ce kamar an zuba mata yashi, sai kuma hawaye, yini guda suna gangarowa, ta share su dawo. Gwaggo ce ta fara fassara abin. Ta ce kuka ne Inna ke yi a ɓoye in kowa ya kwanta. Inna ta ce ba ta yi. Gwaggo ta ce to ruwan sama ne ke zuba a ɗakin ta gefe ɗaya? Na buɗe baki na ce wa ya taɓa ganin baƙin ciki ya zaɓi ido ɗaya, ta ce in rufe mata baki, ai hagu nan ne ɓangaren zuciya. Matan da ke zuwa gaisuwa suka ɗauka. Kowacce ta zauna a tabarma sai ta yi nata karatun: a yi haƙuri, a yi tawakkali, hawayen mai rai zafi suke yi wa mamaci a kabari, ana ƙona bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Wata ta ce ita da nata mijin ya rasu kwana uku ta yi ta share fuska. Wata ta ce rashin kwalli ne, tun da mai takaba ba ta sawa, ido ya saba. Inna ba ta musu. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, hawayen na ɗiga a kan hijabinta, su kuma suna kallon juna.

Da aka ga abin ya ƙi, aka koma magani. Mai takaba ba ta fita, don haka asibiti bai ko shigo cikin zancen ba, Gwaggo ta ce ba a gidan ƙanenta za a fara ganin mai takaba a tasha ba. Aka ɗiga mata ruwan sukari, wai ko afolo ne. Aka samo nonon wata maijego aka ɗiga. Aka yi mata turaren wata saiwa, aka lulluɓe ta da zane har tana tari. Ni da hannuna na riƙe mata fatar ido aka zuba wasu daga ciki. Zan so in ce muku a lokacin ban san daga ina ciwon yake ba. Ƙarya zan yi. Wata rana bayan azahar ta ce kanta na ciwo za ta ɗan kwanta, na ɗaura mata injin. Da barci ya ɗauke ta na ji wani siririn sauti, kamar tayar keke mai faci tana sacewa. Na matso. Gashin idonta na hagu yana rawa. Na kai ɗan yatsa daidai wurin gam ɗin, kamar yadda na sha ganin Baba yana yi, sai na ji iska siririya mai sanyi tana fita da ƙarfi, tana dukan idon kai tsaye. A nan na gane abin da yatsan Baba yake nema shekara biyu. Kun san abin da na yi? Na yanko ƙyalle daga ragowar ɗinki na cusa a wurin, na ƙara jan maɗauri har ya yi mata shaida a kumatu. Da ta juya, ƙyallen ya faɗi. Na ce gobe zan kira Yaya. Goben nan ta kai kwana goma sha tara.

Ba wai ba na son uwata ba ne. Kullum na ɗauki wayar sai in ji muryar Gwaggo tana cewa 'yar boko da kayan boko, in ga fuskar Yaya, in ce bari dai in ga ko zai lafa da kansa. Cire mata injin kuma ba zan iya ba, don na san abin da likita ya ce game da numfashinta. Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi, wato in bar mutane da fassararsu. Yaya in ya kira, Gwaggo ke karɓa ta ce kuka ne kawai, a yi ta addu'a. Ni kuma in ce masa inji lafiya lau. A kwanakin nan wurin da ke tsakanin idon da hanci ya kumbura, in an taɓa ta zabura, haske ma ya zama ba ta so, sai ta yini a ɗaki da labule a sake.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, da safe, Gwaggo ta shiga maƙwabta, ina share tsakar gida Inna ta kira ni. Ta ce in sa hijabi in je gidan liman, in roƙi matarsa ta tambayar mata shi wata magana, amma kar Gwaggo ta ji. Na ce wace magana. Ta daɗe tana murza carbi kafin ta ce:

"Ki ce a tambayar mini, hawayen da ke fita mutum yana barci, shi ma ana rubuta masa? Wallahi Auta tun ranar da aka fita da shi ban yi kuka ba, danne shi nake. Na roƙi Allah ya tsayar da wannan, ya ƙi tsayawa. Mutumin nan bai taɓa cutar da ni ba. Ko dai ƙona shi nake yi?"

Na ajiye tsintsiya na fita. Na je gidan liman kuwa, don ƙafata ta kai ni, kaina ba ya aiki. Matarsa ta shiga ta fito ta ce malam ya ce hawaye ba laifi ba ne, abin da aka hana shi ne ihu da yage tufa, kuma ya ce idon da ya kai wata yana ciwo asibiti yake so, takaba ba ta hana fita neman magani ba, wa ya gaya mana haka? Na dawo ina tafe ina jin kamar kowa a hanya ya san abin da na yi. Na shiga ɗakin Baba, na ciro takunkumin daga ƙusa, na kai wa Inna, na durƙusa. Na fara gaya mata saƙon liman. Sannan na kama yatsanta na ɗora a kan tudun gam ɗin. Na gaya mata komai, tafasasshen ruwan, soson, kwanon akurki, ƙyallen, da kwana goma sha taran da na yi da sani. Na ce iska ce ke dukan idonta duk lokacin da ta kwanta, ba Baba ba ne, ni ce.

Na zaci za ta mare ni, kuma da na fi son haka. Sai ta shafa wurin ta ce ai ta san na liƙe shi, tun ranar farko ta ji warin gam a hancinta, kuma yana sukar ta. Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta ga yadda Yayana ya kunyata ni a gaban mutane, ba ta so ya sami abin faɗa. Ba ta dai taɓa kawo wa ranta cewa shi ne ke sa hawayen ba. Wato duk kwanakin da nake rufa wa kaina asiri da idonta, ita ma asirina take rufawa da shi. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana:

"Ashe ba ƙona shi nake ba."

Sai ta fashe da kuka. Kuka na gaske, ido biyu, kafaɗunta suna rawa, wanda ta danne kwana arba'in da biyu saboda tana ganin ta riga ta zubar da fiye da ƙima. Ta kira Baba da sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba. Gwaggo ta shigo a guje ta ce to ga shi nan, ba ta faɗa ba? Inna ta ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Na yi shiru. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunya.

Na zagaya bayan ɗaki na kira Yaya. Na gaya masa ba tare da kwana-kwana ba. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai in shirya ta, yana tafe. Da Gwaggo ta tare ƙofa, saƙon liman ne ya buɗe ta. A asibitin Kano likitar ido ta duba ta da fitila, ta ɗiga wani ruwa mai launi, ta ce fuskar idon ta bushe har ta ƙuje. Ta yi mana bayani, kuma wannan karon na tsaya har ƙarshe. Ta ce iska in tana bugun ido sa'o'i tana busar da shi, shi kuma ido in ya bushe sai ya yi ta zubo da ruwa don ya kare kansa, shi ya sa mutum zai ga hawaye ya ɗauka ruwa ya yi yawa alhali bushewa ce. Ta ce akwai wata siririyar hanya da hawaye ke bi daga gefen ido zuwa cikin hanci, ta Inna ta kumbura ta kamu da ƙwayar cuta, kuma abubuwan da aka yi ta ɗigawa sun ƙara dagula lamarin. Ta ce wasu masu amfani da injin ma ko takunkuminsu lafiya lau ne iskar kan biyo ta wannan hanyar ta fito ta ido, don haka duk mai irin wannan inji da ya ga idonsa ya canza, ya zo, kar ya zauna yana fassara. Ta tambaya wa ke kula da takunkumin. Na ce ni ce. Ta juya shi ta ga gam ɗin, ta dube ni, ta ajiye shi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ba Inna magungunan ɗigawa da na sha, aka gwada mata sabon takunkumi daidai fuskarta, aka nuna mini yadda ake ɗaura shi ba tare da an shaƙe mutum ba, don ashe jan maɗauri da ƙarfi ƙara buɗe gefen yake. Na sa ma'aikaciyar ta maimaita sau uku. Kumburin ya sauka cikin mako biyu, hawayen suka tsaya. Amma ƙujewar ta bar ɗan tabo. Yanzu in ta rufe idon dama, ta ce tana ganin abu kamar ta bayan labule mai shara-shara, kuma likita ba ta yi mana alkawarin zai tafi duka ba. Inna da take zura mini zare a allura in na gaji, yanzu ni nake tsince mata tsakuwa a gyaɗa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Tsagar robar kuskure ne, kowa na iya yi. Ba ita ta ɓata idon Inna ba, shirun da na yi ne. Na fi tsoron a ce 'yar boko ba ta sani ba fiye da tsoron uwata ta rasa ido, kuma ban san haka nake ba sai da aka gwada ni. Ina kira ga 'yan'uwana da ake miƙa wa takardar asibiti don sun yi makaranta: ku tsaya a gama bayani. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba. In kun ɓata abu ku faɗa a ranar, kar ku kai gobe. Wanda ke da mai kwana da irin wannan inji a gida, kar ya wanke takunkumin da ruwan zafi, kar ya shanya a rana, kar ya liƙe shi in ya tsage, ya bi gefensa da yatsa kullum, in ido ya yi ja a tafi asibiti. Iyayenmu mata masu zuwa gaisuwa kuma, don Allah, kafin ku yi wa mai takaba wa'azi a kan hawayenta, ku tambaye ta ko wani abu ke yi mata ciwo.

Har yau Gwaggo da matan unguwa ba su san gaskiya ba. Cewa suke Inna ta dai haƙura daga baya, har wata na yabon kanta wai nasiharta ce ta shiga. Inna ta hana ni faɗa, ta ce abin ya wuce, ni yarinya ce ban yi aure ba, kar a riƙa nuna ni. Na bi maganarta kusan wata uku. Amma ranar Asabar mai zuwa za ta fita takaba, duk matan nan za su dawo, har na Ajingi, za a zauna a tabarmar da aka zauna aka ce mata mai raunin imani. Tsohon takunkumin yana ƙasan akwatina, ban yar ba. Na riga na gaya wa Inna jiya cewa wannan karon ba zan ji maganarta ba. In an gama cin abinci, kafin kowa ta ɗauki mayafinta, zan fito da shi in fara miƙa wa Gwaggo, in ce ta taɓa wurin gam ɗin, sannan ta miƙa wa ta kusa da ita.